Tsohuwar laftof tana cijewa wajen tace bidiyo: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu ɗaukar bidiyon biki, suna da wa'azi a Garwa, Marwa, Kusuri da Injamena da laftof na hannu suke aiki, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad waɗanda suka gama bautar ofis a Turai kafin su iso nan. Don rubutu da lissafi aka ƙera su, amma suna iya tace bidiyo idan an gano inda nauyin yake kafin a kashe ko sefa ɗaya.

Malam, bidiyo yana tsattsayawa, linzami ma yana daskarewa. Ta ina zan fara?

Fara da dubawa, kada ka fara da saye. Buɗe aikin da ke ba ka wahala, kunna bidiyon a cikin manhajar, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. Abin da zai buɗe shi ne Gestionnaire des tâches idan Windows ɗinka na Faransanci ne. Shiga shafin Performance, ka sa ido kan layi huɗu: Processeur (furosesa, mai yin lissafin kwamfuta), Mémoire, Disque da GPU (katin hoto). Wanda ya manne kusa da 100% shi ne mai laifin.

Idan Disque ne, kuma faifan ajiyarka irin na da ne mai juyawa, SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, ce maganin. Idan Mémoire ta wuce 90%, RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, ta yi kaɗan. Idan Processeur ne, duba gudun da aka rubuta a ƙasa. Furosesar da ya kamata ta yi 2.5 GHz amma tana nuna 0.8 ko 1.2 alhali aiki ya yi mata yawa, wani abu ne ya daƙile ta, kuma kusan kullum zafi ne ko caja. Idan kuwa tana gudunta cikakke amma ba ta iya ɗaukar aikin, to nau'in bidiyon ne ya fi ƙarfinta.

Ai Core i7 ce, mai shagon ya ce ba ta da na biyu. Me ya sa take haka?

Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Karanta cikakkiyar lambar. A i7-7500U, lambar farko tana nuna zubi na 7 ne, harafin U kuma yana nufin furosesa mai tsimin wuta, wat 15, wadda aka yi don batir ya daɗe. Ƙwaƙwalwar aiki 2 kawai gare ta. Ita kuwa i5-8250U, zubi na 8, tana da 4, saboda haka a aikin bidiyo tana gaban waccan i7 ɗin. Masu harafin H, HQ ko QM sun fi jan wuta da zafi, amma su ne aka yi wa aiki mai nauyi.

Idan na kunna tana gudu lafiya, bayan minti 15 ko 20 sai ta fara jan ƙafa. Mene ne wannan?

Zafi ne, kuma a yankinmu shi ne babban abin da ke karya laftof. Furosesar Intel tana da iyakar zafi wajen digiri 100. Da ta kusanci wurin sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Garwa da Injamena, iskar da fanka ke zuƙowa ita kanta mai zafi ce. Mai aiki a Ngaundare, da yake garin yana kan tudu, ya fi samun sauƙi. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke taruwa tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa, har ta zama dunƙule kamar auduga ta toshe hanyar. Za ka ji fanka tana ihu, amma ka sa hannu a bakin mafitar iska ka ji kusan babu abin da ke fita.

Sauke HWMonitor ko Core Temp, duka kyauta ne, ka duba zafin lokacin da bidiyo ke tafiya. Digiri 70 zuwa 85 ba laifi. Idan yana zaune a 95 zuwa sama, sai an buɗe ta.

A kashe ta, a cire caja, a cire batir ko a zare igiyarsa idan na ciki ne. A kwance fankar gaba ɗaya, domin hura iska daga waje sau da yawa cusa ƙurar ciki yake yi. A cire dunƙulen da burushi mai laushi. Idan za a hura, a riƙe fukafukan fankar da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ƙafarta. Kada a kai ta wurin mai faci, iskar injinsa tana zuwa da danshi da mai. Bayan haka a ɗaga ƙarfen jan gacin da ke kan furosesa, a goge tsohon man sanyaya da ya bushe da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar shinkafa, a mayar da sukurori bisa lambobin da ke jikin ƙarfen, 1, 2, 3, 4, ana ɗaure su kaɗan-kaɗan. Man da ya yi yawa ba ya ƙara sanyi, man goge baki kuma ba madadinsa ba ne, ko da wani ya rantse maka ya gwada.

Sharar ƙura sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce kafin bazara ta kankama, ita ce mafi ƙaranci. Sannan kada a ɗora laftof kan katifa, darduma ko cinya yayin aiki. A sa ta kan tebur, a ɗaga bayanta da santimita 2 ko 3 don iska ta shiga ta ƙasa. Aiki mai nauyi a bar shi sai dare ko bayan asuba.

Caja tana da hannu a ciki?

Ƙwarai. Laftof ɗin Dell da HP da yawa suna gane caja ta wata siririyar allura da ke tsakiyar bakinta. Idan allurar ta karye, ko cajar jabu ce, Dell kan ƙi cajin batir kuma ta sauke gudun furosesa ƙasa sosai. A Dell, danna F2 lokacin kunnawa ka shiga BIOS, wato shafin saitin laftof ɗin da ke zuwa kafin Windows, ka duba inda aka rubuta nau'in caja. Idan ta ce ba ta san shi ba, ka gano matsalarka. Haka nan laftof mai buƙatar wat 90 ba za ta saki jiki da cajar wat 65 ba. Adadin da take so yawanci yana rubuce a ƙarƙashinta ko a jikin cajarta ta asali.

A kan batir kaɗai kuma kusan kowace laftof tana rage ƙarfi. Saboda haka idan an ɗauke wuta kuma kana aiki da batir, yi yanka da jera hotuna, ka bar gyaran launi da fitarwa sai wuta ta dawo. Idan da janareta ko sola kake aiki, sa na'urar daidaita wuta tsakani. A Windows kuma mayar da tsarin wuta kan mafi ƙarfi duk lokacin da caja ke jone.

Bidiyon tsohuwar kyamarata yana tafiya sumul, amma na waya yana kashe ta. Ba waya ce ƙarama ba?

Ƙanƙantar fayil ita ce ke jawo wahalar. Don a rage girma, hanyoyin matse bidiyo irin su H.264 da H.265 ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Suna ajiye cikakke ɗaya, sannan hotunan da ke biye sai a rubuta bambancinsu kawai. Duk lokacin da ka tsaya a tsakiya ko ka ja baya, dole kwamfuta ta koma kan cikakken hoton ta sake lissafo na inda kake. H.265, wanda ake kira HEVC, ya fi matse fayil, ya kuma fi cin lissafi.

Furosesoshin Intel suna da wani sashe na musamman mai warware bidiyo, Quick Sync, tun zubi na 2 a 2011, amma na wancan lokacin H.264 ya sani. Cikakken warware H.265 ya zo ne a zubi na 6, mai zurfin launi 10-bit kuma a zubi na 7. Ke nan laftof zubi na 3, na 4 ko na 5 da ƙarfin tuwo take warware bidiyon sabuwar waya. iPhone kuwa tun 2017 take ɗauka da HEVC idan ba a canza mata ba, daga iPhone 12 kuma har da HDR mai 10-bit.

Ga kuma girman hoton. 1080p yana da ɗigo 1920 sau 1080, wajen miliyan 2. 4K yana da 3840 sau 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Idan an ɗauka a firem 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, maimakon 30, an sake ninkawa. Bidiyon da ƙarshensa WhatsApp ne ko talabijin ɗin falo ba ya buƙatar wannan.

Gyara tun daga wurin ɗauka ya fi arha. A iPhone shiga Réglages, Appareil photo, Formats, ka zaɓi Le plus compatible, ka kashe HDR na bidiyo. A wayoyin Android nemi zaɓin HEVC a saitin kyamara ka kashe. Ɗauki 1080p. Idan ku biyu ko uku ne ke ɗaukar taro ɗaya, ku daidaita kan adadin firem ɗaya kafin a fara. Wutar Kamaru da Chadi 50 Hz ce, don haka firem 25 ya fi dacewa da fitilun zaure, ba ya kawo walƙiyar nan da ke bin hoto.

An riga an ɗauka a 4K, amarya na jira. Yaya zan yi?

Yi furoksi. Manhajar za ta yi wa kowane fayil ƙaramin kwafi mai sauƙin warwarewa, ka yi duk yankanka a kansa, lokacin fitarwa kuma ta koma kan na asali. Ingancin aikin ƙarshe ba ya raguwa ko kaɗan.

A Premiere Pro, zaɓi fayilolin a akwatin aiki, danna dama, Proxy, sai Create Proxies, ka zaɓi ProRes a mafi ƙanƙantar girma. Wajibi ne ka fito da maɓallin Toggle Proxies ƙarƙashin allon kallo ka kunna shi. Mutane da yawa suna yin furoksi su manta da wannan maɓalli, su ce bai yi amfani ba. A DaVinci Resolve akwai Generate Proxy Media. Shotcut yana da Proxy da Preview Scaling a cikin saiti, Kdenlive yana da shi a saitin aiki, CapCut na kwamfuta ma yana da shi a ɓangaren Performance.

Abu biyu za ka shirya musu. Na farko lokaci: bidiyon awa 3 na iya cinye dare guda a tsohuwar laftof, don haka a sa shi kafin a kwanta. Na biyu wuri: ProRes Proxy a 1080p yana cin kusan 20 GB kowace awa, shi ya sa 720p ko ƙasa da haka ya fi. Kada ka canza sunan fayilolin asali ko ka matsar da su bayan an yi furoksi, haɗin zai tsinke.

Ko ba furoksi, rage ingancin kallo zuwa 1/2 ko 1/4 yana taimakawa nan take. Allon kallo kaɗai yake shafa.

Murya da baki suna rabuwa idan bidiyon ya yi nisa. Shi ma rashin ƙarfi ne?

Sau da yawa a'a. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, tana ragewa idan haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi. A wa'azi ko tafsiri na awa guda, ɗan bambancin yana taruwa har ya fito fili. Wuce da fayil ɗin ta HandBrake, manhaja ce ta kyauta: zaɓi H.264, sa adadin firem ɗin aikinka, ka danna Constant Framerate, inganci kuma RF 18 zuwa 20. Wannan zai kuma sauya H.265 zuwa abin da tsohuwar furosesa ta iya.

Kuɗina na abu ɗaya ne. SSD ko RAM?

Idan har yanzu faifai mai juyawa ne a ciki, SSD. Faifan laftof mai juyi 5400 a minti yana karanta wajen 100 MB a daƙiƙa idan fayil ɗaya yake bi a jere, kuma yana faɗuwa warwas idan aka ce ya karanto bidiyo biyu da sauti da Windows lokaci guda. SSD ta SATA tana kai 500 MB, ba ta kuma damu da tsalle-tsalle ba. Mai 256 GB za ta ɗauki Windows da manhajoji, mai 512 GB ta fi ga mai aikin biki. Idan laftof ɗin tana da gurbin DVD, ana sayar da ƙaramin akwatin da ke shiga wurin, mai kaurin 9.5 mm ko 12.7 mm, sai tsohon faifan ya koma can ya zama ma'ajiya.

In da 4 GB na RAM kake, lissafin ya canza, domin Windows da burauza sun kusa cinye ta kafin ka buɗe komai. A nan sai an yi duka biyun. Kafin ka biya kuɗin SSD ta hannu, sa a buɗe maka CrystalDiskInfo ka ga lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki. Kada kuma ka cika ta, bar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a sarari.

Wace RAM zan saya, kuma nawa?

8 GB tana yin 1080p da haƙuri, 16 GB ita ce wurin hutawa. Adobe ma 16 GB suke ba da shawara don aikin HD. Duba irin taka da CPU-Z kafin ka je kasuwa. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna. DDR3L tana aiki da 1.35 V, DDR3 ta gama-gari da 1.5 V, bakinsu ɗaya, kuma yawancin laftof zubi na 4 mai L suke so. Idan aka sa musu ɗayar, wasu ba za su tashi ba.

Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, wato 8 da 8 sun fi 16 tilo, musamman idan katin hoton Intel ne na cikin furosesa, domin daga RAM yake aron wurin aiki. Wasu siraran laftof an like musu RAM a jikin allo, ba a ƙarawa. Windows mai 32-bit kuma ba ya iya amfani da fiye da 4 GB ko nawa ka sa.

Za a iya canza mini katin hoto ko furosesa?

A yawancin laftof, a'a, a like suke, sai dai wasu tsofaffi zubi na 2 zuwa na 4 da ake iya cire furosesarsu. Abin da za ka iya shi ne tabbatar da cewa idan akwai katin NVIDIA ko AMD ban da na Intel, manhajar tana amfani da shi. A saitin allo na Windows akwai wurin zaɓa wa kowace manhaja katin da za ta hau.

Wace manhaja ce ta fi sauƙi?

DaVinci Resolve kyauta ce kuma gwana ce a launi, amma ta dogara da katin hoto, tana son 16 GB. A laftof mai katin Intel kaɗai, wahala za ka sha. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, ba su da nauyi, sun ishi mai yanka, jerawa, sa rubutu da kiɗa. CapCut yana da sauƙin koyo, sai dai kayan adonsa da yawa sai da intanet, abin lura ga mai sayen data.

A kowace manhaja, abubuwan da ke durƙusar da kwamfuta sanannu ne: daidaita girgizar hoto, cire ƙwayoyin duhu, sassauta gudu ta ƙirƙiro firem, dishi-dishi, da gyaran fata. A bar su sai an gama yanka. A Premiere, danna Enter yana dafa wuraren da jan layi ya hau don su tafi sumul.

Wani ya ce in yi fomatin kawai. Zai yi?

Zai yi idan datti ne ya cika ta, ba zai cire ƙura daga fanka ba. Kafin fomatin, shiga shafin Démarrage na Gestionnaire des tâches ka kashe abubuwan da ke tashi tare da Windows, ka rufe burauza lokacin aiki, ka share ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar, wadda a Premiere take ƙarƙashin Media Cache. Riga-kafin bairos biyu a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi da juna, bar wanda ya zo da Windows.

Alamar da ke sa mu ce a yi fomatin ita ce furosesa tana aiki sosai alhali ba a buɗe komai ba. Fasassun manhajojin da ake zubawa a kasuwa wani lokaci suna zuwa da ɓoyayyen shirin haƙar kuɗin intanet, yana cin ƙarfinka da datarka. Game da Windows 11, a hukumance daga zubi na 8 yake karɓa, kuma tilasta shi kan tsohuwa ba ya ƙara gudu. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka mai ci gaba da shi ya yi hattara da abin da yake saukewa da filas ɗin da yake sokawa.

Zan iya aiki kai tsaye daga katin kyamara ko filas?

Kada ka yi. Kwafe komai cikin SSD tukuna, ka ajiye kwafi na biyu a wani faifan. USB 2.0 ba ya wuce 30 zuwa 40 MB a daƙiƙa a zahiri. Idan dole sai faifan waje, soka shi a USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne ko an rubuta SS a gefensa.

Fitarwa tana ɗaukar awanni, wuta kuma ba tabbas. Akwai dabara?

Zaɓi H.264, ka kunna fitarwa ta Quick Sync ko katin NVIDIA idan manhajar ta ba da dama, ka yi zagaye ɗaya maimakon biyu. Don 1080p a firem 25 ko 30, 8 Mbps ne YouTube ke ba da shawara, kuma awa guda a haka tana ba da kusan 3.6 GB. Don 720p, 5 Mbps ya isa. Dogon biki a raba shi kashi-kashi, ɗaurin aure daban, kamu daban, walima daban, minti 20 zuwa 30 kowanne. Idan wuta ta yanke kuma batir ya mutu, kashi ɗaya ka rasa. Sa ajiyar kai-da-kai ta manhajar kowane minti 5, ka hana laftof yin barci lokacin fitarwa.

Idan filas ɗin mai biki ya ƙi karɓar fayil alhali akwai wuri, tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4 GB. A mayar da shi exFAT, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT, wanda shi ma dalili ne na raba bidiyon.

Yaushe zan haƙura in nemi wata?

Idan furosesarka Celeron ce, Pentium, ko zubi na 2 da na 3 mai ƙwaƙwalwa 2, RAM ba ta ƙaruwa, kuma kwastomominka sun koma kawo 4K, kada ka ƙara zuba kuɗi. SSD ɗin da ka saya za ta bi ka zuwa sabuwar, ko a ciki ko a akwatin USB.

Wajen sayen ta hannu, nemi zubi na 8 zuwa sama, ƙwaƙwalwa 4 ko fiye, gurbin RAM biyu, da cajarta ta asali. Tafi da filas mai ɗauke da HWMonitor da bidiyon wayarka mafi nauyi. Kunna shi a shagon na minti 10 zuwa 15, kana kallon zafi da gudun furosesa, kana sauraron fanka. Duba BIOS ko an kulle shi da kalmar sirri, domin laftof ɗin da suka fito daga kamfanoni wani lokaci a kulle suke zuwa, kuma cire kullen a irin su ThinkPad aiki ne babba. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, wuce shago na gaba.